Lambobin yabon Eugene Bullard: daga Jojiya zuwa Harlem

Bikin kammala karatun ɗiyar yayana ne ya kai ni Atlanta, amma tun kafin in bar Kano na gaya wa Yaya cewa da zarar an watse walima akwai inda nake son ya kai ni. Shi direban babbar mota ne, ya shekara da shekaru yana ratsa titunan Amurka, don haka nisa ba ya ba shi tsoro. Da na lissafa masa garuruwan, Columbus da Warner Robins da Dayton, sai ya ce duk ya san su, amma me na ajiye a can? Na ce mutum nake nema, sunansa Eugene Bullard, baƙar fatar Amurka na farko da ya tuƙa jirgin yaƙi. A 1917 ya yi hakan, kuma a rundunar sojan Faransa, domin ƙasarsa ba ta yarda ta ba shi jirgi ba.

"A 1917?" in ji Yaya. "Ai lokacin ko Kano ba ta taɓa ganin jirgi ba."

Gaskiyarsa. Jiragen farko da suka sauka Kano guda uku ne na sojan saman Ingila, sun taso daga Masar, sun sauka ranar 1 ga Nuwamba 1925. Shekara takwas ke nan bayan wannan jikan bayi ya riga ya yi yaƙi a sararin sama.

Daga Atlanta zuwa Columbus, duka a jihar Jojiya, kusan kilomita 170 ne, kudu maso yamma, titi shimfiɗaɗɗe tsakanin dogayen itatuwa da jar ƙasa. Garin yana bakin kogin Chattahoochee, tsallaken ruwa kuma jihar Alabama ce. Tsofaffin masaƙun auduga na jan bulo har yanzu suna tsaye a bakin kogin, an mai da wasu gidajen kwana, wasu wuraren cin abinci. Gari ne na sojoji, saboda babban barikin horar da sojan ƙasa da ke gefensa, ko ina ka duba sai ka ga samari da askin soja.

A titin Talbotton muka sami allon ƙarfen da aka kafa don tunawa da shi, kusa da inda gidansu yake a da. Gidan babu shi. Motoci ne ke ta wucewa, babu mai tsayawa. A wannan unguwa aka haife shi ranar 9 ga Oktoba 1895. Mahaifinsa William lebura ne, ƙaƙƙarfan mutum, an haife shi cikin bauta. Mahaifiyarsa Josephine tana da jinin ƙabilar Creek, 'yan asalin ƙasar, ta rasu yana ƙaramin yaro. Wata rana rikici ya haɗa uban da wani Bature mai kula da leburori. Baturen ya buge shi, shi kuma ya rama. A Jojiya ta wancan zamani, baƙin mutum ya ɗaga wa fari hannu hukuncinsa igiya ce a reshen itace, ba tare da alƙali ba. Da dare gungun mutane suka zo gidan suna nemansa, yara suna ɓoye a ɗaki cikin duhu suna jin ihunsu. Uban ya tsira, amma abin da yaron ya ji a daren nan bai bar shi ba. Uban ya sha gaya musu cewa akwai wata ƙasa, Faransa, inda ake duban mutum da aikinsa, ba da launin fatarsa ba. Yana da kimanin shekara goma sha ɗaya ya gudu daga gida don neman wannan ƙasa, alhali bai san ko ta gabas take ko ta yamma ba.

Na tsaya a bakin titin ina lissafin shekarun nan. Ɗana na biyu shekararsa ke nan, kuma ko kasuwar unguwa zan aike shi sai na ja masa kunne. Wane irin tsoro ne zai sa yaro kamar wannan ya ga daji ya fi masa ɗakin ubansa?

Ya yi shekaru yana gararamba a kudancin Amurka, ya zauna da wasu fataken dawaki, ya koyi hawa har ya yi sukuwa. A 1912 ya ɓuya cikin wani jirgin ruwan dakon kaya na Jamusawa mai suna Marta Russ a tashar Norfolk, aka sauke shi a Aberdeen ta Sikotland. A cikin jirgin ya fara tsintar Jamusanci, harshen da ya yi masa rana daga baya. Ya gangara Ingila, ya yi wasan dandali, ya shiga damben boksin, dambe kuma ya kai shi Paris a 1913. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, a watan Oktoba 1914 ya sa hannu a rundunar 'yan ƙasashen waje ta Faransa, yana ɗan shekara goma sha tara.

Washegari muka nufi gabas zuwa Warner Robins, ta cikin gonakin auduga da na itatuwan marmari. Akwai babban sansanin sojan sama a garin, a gefensa kuma gidan tarihin jiragen sama, shiga kyauta. A harabar aka kafa mutum-mutumin Bullard na tagulla, yana tsaye cikin kakin Faransa, ya ɗaga kai yana duban sama. An buɗe shi ranar 9 ga Oktoba 2019, ranar da zai cika shekara 124 da haihuwa. Aikin ya yi kyau, kuma waɗanda suka tara kuɗin yinsa sun cancanci a gode musu, don da ba su yi ba yaran makarantar da na gani an jero a gabansa ba za su taɓa jin sunan ba. Yawancinsu baƙaƙe ne, malamarsu tana ta yi musu bayani, wani ƙarami a cikinsu ya ɗaga kai yana kwaikwayon tsayuwar.

Duk da haka raina bai yi fari ba. Jihar da ta kore shi yana yaro ta sa shi cikin jerin gwarzayenta na sufurin sama a 1989. Rundunar sojan saman Amurka ta ba shi muƙamin ƙaramin laftana a 1994. Mutumin kuwa ya rasu tun 1961. Yaya ya ce wannan ai ihu ne bayan hari. Na ce haka ne, sai dai ihun ma ya fi shiru, tunda yana tashin na baya. Muka ɗan yi gardama a kan haka har muka hau titin arewa, kowa bai sauka daga kan bakansa ba.

Tafiyar Dayton doguwa ce, ta haura kilomita 900 daga nan, titi guda ne ya ratsa Atlanta da Chattanooga da duwatsun Tennessee da filayen dawakin Kentucky, ya tsallake kogin Ohio a Cincinnati. Mun yi salla a wuraren hutawar direbobi, mun ci dambun naman da matar Yaya ta ƙulle mana. Sanyi yana ƙaruwa muna ƙara yin arewa.

Dayton garin 'yan'uwan nan ne biyu, Wilbur da Orville Wright, masu shagon keke da suka tashi da jirgi a 1903. A bayan gari gidan tarihin rundunar sojan saman Amurka yake, manya-manyan rumfuna na ƙarfe, jirage sama da 350 a ciki. Mutum zai iya wuni bai ga rabi ba. Ni ɗakin farko kawai na zo dominsa, wanda aka keɓe wa shekarun fari. Da shiga sai ka ci karo da kwafin jirgin da sojan ƙasa na Amurka suka saya daga hannun 'yan Wright a 1909 kan dala 30,000. A lokacin babu wata rundunar sama mai zaman kanta, jirgi yana ƙarƙashin sashen sadarwa na sojan ƙasa ne, don ana ganin amfaninsa bai wuce leƙen abokan gaba ba. Shekara guda kafin cinikin, a Satumba 1908, Laftana Thomas Selfridge ya mutu a gwajin irin wannan jirgi, Orville na tuƙi. Shi ne mutum na farko da haɗarin jirgi mai inji ya kashe.

Ɗan gaba kaɗan jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya suke, cikinsu har da SPAD, ƙirar Faransa, irin wanda Bullard ya tuƙa. A hoto sai ka ɗauka wani ƙaton abu ne. Da na tsaya kusa da shi na ga katako ne da waya da yadi da aka shafa wa mai ya ɗame, bai fi a ce akwatin lefe aka sa wa fukafukai ba. Matuƙi yana zaune kansa a waje, iska da sanyi da man inji suna dukan fuskarsa. Bindiga mai jigida tana gabansa, an haɗa ta da inji yadda harsashi zai riƙa bi ta tsakanin farfela ba tare da ya sare ta ba. Gudunsa yana kaiwa kusan kilomita 200 a awa. Matuƙan Faransa da Ingila da Amurka ba a ba su lemar sauka ba a yaƙin nan, in jirgi ya kama wuta sai dai mutum ya zaɓi yadda zai mutu. Na daɗe ina kallon wurin zaman, ƙunci ne da shi ƙwarai, ina mamakin yadda ɗan dambe mai faɗin kafaɗa ya shiga ciki.

Lambobin suna cikin akwatin gilashi a wannan ɗaki, an jera su da ƙyallayensu, sun haura goma. A nan na fi daɗewa, har Yaya ya tafi kallon manyan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo ya same ni ban gusa ba.

Wadda ta fara ɗaukar idona ita ce Croix de Guerre, kuros na tagulla da takubba biyu a gicciye, ƙyallenta kore da jajayen layuka. Faransa ta ƙirƙiro ta a 1915 don wanda aka ambaci sunansa a takardar runduna saboda jarumtaka. Bullard a yaƙin Verdun, wani gari na Faransa, ya samo tasa. Bayan ya yi yaƙi a Artois da Champagne a 1915, inda aka karkashe yawancin abokan tafiyarsa, an mai da shi runduna ta 170 ta sojan ƙasa, wadda ake yi wa kirari da tsattsewar mutuwa. Jamusawa sun buɗe wuta a kan Verdun ranar 21 ga Fabrairu 1916, yaƙin bai lafa ba sai Disamba, kuma mutanen da suka mutu daga ɓangarorin biyu sun kai kimanin 300,000. A farkon Maris, kusa da ƙauyen Douaumont da ke gefen Verdun, harsashin igwa ya fashe ya yaga masa cinya. An kwashe shi zuwa asibiti a Lyon, likitoci suna ganin da wuya ya sake tafiya daidai.

Kusa da ita Médaille Militaire ce, mai ƙyalle rawaya da koren baki. Tun 1852 ake ba da ita, kuma tsarinta ya burge ni. Ba a ba hafsoshi na tsakiya. Ta kurata ce da kofur da saje, sai kuma janar ɗin da ya jagoranci runduna gaba ɗaya a fagen fama, wanda a wurinsa ita ce ƙololuwar girma. Wato babban kwamanda sai ya gama samun komai sannan a ɗaga shi zuwa lambar ƙaramin soja. Bullard bai wuce kofur ba, kuma ya rataya ta.

Akwai lambar waɗanda aka ji wa rauni, da ta masu sa kai, da ta nasarar ƙawance, da ta yaƙin Somme. Akwai ta Verdun, wadda ba gwamnati ce ta buga ba, majalisar garin ce ta ƙirƙiro ta tun ana cikin wuta a 1916 don duk wanda ya tsaya kare garin. Sai kuma mai jan ƙyalle, Légion d'honneur, wadda Napoleon ya kafa a 1802, babbar lambar girma ta ƙasar.

Ina cikin bin su ɗaya bayan ɗaya na lura da abin da ya fi komai taɓa ni a tafiyar nan. Duniya ta san mutumin a matsayin matuƙin jirgi, a gidan tarihin jirage aka ajiye kayansa, amma manyan lambobinsa a ƙasa ya same su, cikin taɓo da ramukan yaƙi. Zamansa a sama bai wuce 'yan watanni ba. Bayan ya warke, ƙafar ba ta iya aikin sojan ƙasa, sai ya nemi shiga sashen jirage. Ya fara da koyon harbi, ya koma tuƙi, ya karɓi lasisinsa ranar 5 ga Mayu 1917. A ƙarshen Agusta aka tura shi fagen fama, ya yi aiki a ayari na 93 sannan na 85, ya fita yaƙi kamar sau ashirin. Ya ce ya harbo jirgin Jamusawa, amma hukuma ba ta tabbatar masa ba, domin ƙa'idar Faransa sai an sami shaidu. Yana da ɗan biri mai suna Jimmy da yake tafiya da shi, akwai hotonsu tare a gefen jirgi. Ana kuma ba da labarin cewa a jikin jirginsa an zana zuciya da wuƙa a soke, da rubutun Faransanci mai cewa duk jinin da ya zuba ja ne.

Amurka ta shiga yaƙin a Afrilu 1917, ta kuma buƙaci 'ya'yanta da ke tuƙi a rundunar Faransa su dawo ƙarƙashin tutarta, da alƙawarin muƙamin hafsa. Bullard ya je, likita ya duba shi, ya jira kira. Aka ɗauki fararen abokansa, shi ba a kira shi ba. Masu bin tarihinsa suna ɗora babban laifin a kan Dakta Edmund Gros, Ba'amurken likita mai faɗa a ji a harkar matuƙan sa kai a Paris. A wajen Nuwamba, bayan wata taƙaddama da wani hafsan Faransa, aka sauke shi daga tuƙi, a farkon 1918 aka mai da shi rundunarsa ta ƙasa. Bai sake hawa jirgin yaƙi ba. Sai a 1942 sojan Amurka suka yaye baƙaƙen matuƙa na farko a Tuskegee, kuma sai a 1948 Shugaba Truman ya sa hannu kan umarnin daina ware sojoji bisa launin fata. A akwatin nan babu lamba ko ɗaya daga gwamnatin Amurka.

Ba shi kaɗai aka yi wa haka ba. Henry Johnson, baƙin soja daga runduna ta 369 ta Harlem, unguwar baƙar fata a New York, ya karɓi Croix de Guerre daga Faransa a 1918, amma babbar lambar jarumtaka ta ƙasarsa sai a 2015 Shugaba Obama ya ba da ita da sunansa. Ya kamata kuma in faɗa cewa Bullard ba shi kaɗai ne baƙin matuƙi a yaƙin ba. William Robinson Clarke ɗan Jamaika ya tuƙa wa Ingila a 1917, Ahmet Ali kuma ya tuƙa wa Daular Usmaniyya, wanda ake danganta asalin dangin mahaifiyarsa da Borno.

A Dayton muka rabu da Yaya, aiki na jiransa. Na hau jirgi zuwa New York.

Abin da ya faru tsakanin yaƙi biyun dogon labari ne na daban. Ya zauna a Paris, ya yi kiɗan ganga, ya riƙe gidan rawa a unguwar Montmartre, ya buɗe wurin motsa jiki, ya auri Bafaranshiya suka haifi 'ya'ya mata biyu. Gab da yaƙi na biyu ya riƙa sauraron hirar Jamusawan da ke zuwa gidansa yana kai wa hukumar Faransa rahoto, su kuwa ba su taɓa zaton baƙin mutum yana jin harshensu ba. A Yuni 1940, yana da shekara arba'in da huɗu, ya sake ɗaukar bindiga a Orléans tare da runduna ta 51, aka ji masa rauni a baya. Ya tsallaka Sifen, ya bi ta Lisbon, ya iso New York ba shi da komai. A 1949 yana cikin waɗanda aka lakaɗa wa duka a Peekskill ta jihar New York, wurin taron baƙin mawaƙi Paul Robeson, kuma hotuna sun nuna masu kaki cikin masu dukansa.

Na je Rockefeller Center, tsakiyar Manhattan, inda dogayen benaye suka tokare sama. A nan ya yi aikinsa na ƙarshe, mai tuƙa lifta, yana hawa da sauka da ma'aikatan ofis. Na shiga zauren, marmara ko ina, jama'a na ta gaggawa. Aikin ba abin kunya ba ne, halal ɗinsa ya ci. Abin da ya dame ni shi ne dubban mutanen da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi kullum ba su san da wa suke tsaye ba. A shekarun nan ne Faransa ta gayyace shi Paris a 1954 ya sa hannu wajen rura wutar kabarin sojan da ba a san sunansa ba. A 1959 aka rataya masa Légion d'honneur a New York, a watan Disambar shekarar kuma gidan talabijin ɗin NBC, da ke cikin waɗannan benaye, ya yi hira da shi da kakin aikinsa na lifta, lambobinsa a jere. Da shugaban Faransa, Janar de Gaulle, ya zo birnin a 1960, ya rungume shi a bainar jama'a. Ko ba komai wannan girma ya same shi da ransa, ya ji shi a ƙirjinsa, 'ya'yansa sun gani. A wurina nan ne bambancin Faransa da Amurka yake a kan mutumin nan.

Ciwon dajin ciki ne ajalinsa, ranar 12 ga Oktoba 1961. Na hau jirgin ƙasa mai lamba 7 har ƙarshen layi a Flushing, unguwar da yanzu 'yan Sin da Koriya suka cika, na ƙarasa maƙabartar a bas. A sashen tsofaffin sojojin Faransa aka binne shi, da tutar Faransa a kan akwatinsa. Wuri ne mai ciyawa da itatuwa, kabarin ba shi da wani ado. Ban jima ba na juyo.

Harlem na bari a ƙarshe, don a titi na 116 ya yi zamansa, ɓangaren gabas, a wani ɗan ƙaramin ɗaki. Ɓangaren yamma na wannan titi yau mutanen Afirka ta Yamma ne suka riƙe shi. Ga masallacin Malcolm Shabazz mai koren ƙubba, ga kasuwar 'yan Afirka kusa da shi, ana jin Wolof da Fulatanci da Zabarmanci, in ka kasa kunne har da Hausa. Bayan sallar la'asar na ji wani dattijo yana waya da Hausar Damagaram, na jira ya gama na gaishe shi. Mai sayar da huluna ne da jakunkunan fata, ya kusa shekara talatin a birnin. Ya jawo mini kujera, ya aika a kawo shayi.

Na ba shi labarin tafiyata tun daga Jojiya, har na kai inda nake yabon Faransa. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "Ɗana, ka ga gefe guda. Ubana sojan Faransa ne. Lambobinsa suna nan cikin kwalla a ɗakin tsohuwarmu. Ka tambaye ni nawa ake ba shi fansho."

Na ce, "Baba, nawa ne?"

Ya ce abin da ake ba shi a wata uku ba ya sayen buhun hatsi biyu, alhali Baturen da suka kwana rami ɗaya yana karɓar ninkin-ba-ninkinsa.

Maganarsa tana da tushe a dokar Faransa kanta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an ɗebi mutum kusan 200,000 daga ƙasashen baƙar fata da Faransa ke mulka, da yawa ba da son ransu ba, aka kira su duka sojan Senegal ko daga ina suka fito, kusan 30,000 ba su dawo ba. Ganuwar Douaumont, kusa da inda jinin Bullard ya zuba a Maris 1916, da aka ƙwato ta ranar 24 ga Oktoba na shekarar akwai bataliyar waɗannan sojoji da 'yan Somaliya cikin waɗanda suka shiga. A Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa suka buɗe wuta a kan 'yan Afirkan da suka dawo daga yaƙi suna neman haƙƙinsu. Sannan a Disamba 1959, shekarar da aka rataya wa Bullard jan ƙyalle, majalisar Faransa ta zartar da dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke shirin samun 'yanci, ya tsaya cak inda yake, na Faransawa yana ta hawa. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun gudanarwa ta ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da mazan jiyan da suka rage 'yan kaɗan ne.

Wannan bai rage ko ƙwayar zarra daga abin da Bullard ya yi ba, kuma Faransa ta kyauta da ta girmama shi yana raye. Sai dai ƙasar da ta iya ganin jarumtakar baƙo ɗaya daga Jojiya ta kasa ganin ta dubban da ta ɗebo da hannunta daga bakin Kwara da Tafkin Chadi. Na gaya wa dattijon cewa ya kamata a fito da lambobin nan daga kwalla, a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan mai su da rundunarsa da inda ya yi yaƙi tun ana da masu tunawa, domin na Bullard ma don an adana su ne na same su. Ya ce ƙaramin ɗansa yana jami'a a Yamai, zai sa shi ya je gida ya yi hakan a hutu mai zuwa.

Ya sake tambayata lambar gidan da mutumin ya zauna, na ce 80, gabas da nan. Ya ce ya sha wucewa ta ƙofar yana tura kaya. Sai ya ce in rubuta masa sunan maƙabartar da jirgin da ake hawa, ranar Lahadi ba ya fitowa kasuwa.